Jemage da Hantsi

Satar abinci ce ta fara haɗa su.

Da sassafe Auta ta iso asibiti, ta shiga ɗan ɗakin da ma'aikatan jinya ke shan shayi, ta ajiye kular abincinta a kan tebur. Tana tsaye gaban madubi tana gyara wuyan farar rigarta, sai ta hango wani dogon saurayi ya shigo yana jan ƙafa, idanunsa jajur. Ya sunkuci kularta, ya juya zai fita.

"Malam, ina za ka da abincin mutane?"

Ya tsaya, ya dubi kular, ya dube ta. "Ai tawa ce."

"Taka? To me ke ciki?"

"Babu komai. Tun jiya na cinye."

"Ɗaga ka ji."

Ya ɗaga, ya ji nauyi, ya kuma ji ɗumi a tafin hannunsa. Can ƙarƙashin benci ya hango tasa, shuɗiya irin tata sak, a kwance ba ko murfi. Kunya ta rufe shi.

"Don Allah ki yafe ni, Sista. Jiya ko zama ban samu na yi ba. Yanzu ko jariri aka miƙo mini, rataya shi zan yi in wuce gida."

"To Allah ya sa ba ta sashenmu za ka bi ba, don mu yara ne da mu."

Dariya ta kuɓuce masa, sai gajiyar fuskarsa ta ɗan washe. Auta ta ga ashe yana da kyan murmushi. Ba ta san abin da ya kai ta ba, sai ga ta ta ɗauraye kularsa a famfo, ta zuba masa rabin shinkafarta.

"Ungo. Kada ka faɗi a hanya a dawo mana da kai."

Yana fita, ƙawarta ta taso daga kusurwa da kofin shayi a hannu. Rediyo ake ce mata, don babu labarin da zai shigo asibitin nan bai biyo ta bakinta ba.

"Ke! Kin san wa kika ciyar? Jemage ke nan na sashen gaggawa. Tun da aka ɗauke shi aiki ban taɓa ganinsa da rana ba. Ba ya da mata, ba ya da budurwa, ba ya da..."

"Wa ya tambaye ki?"

"Idonki ne ya tambaye ni."

Kafin azahar lambar wayar Auta ta isa hannun Jemage. Rediyo ta rantse ba ita ba ce, amma ko yaran da ke kwance a gado ba su yarda da rantsuwar ba. Da yamma saƙo ya shigo:

"Assalamu alaikum. Ɓarawon safe ne. Na ci, na ƙoshi, na yi barci, na farka da tunanin mai abincin. Idan akwai hukunci, na shirya."

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka ta karanta. Sannan ta rubuta:

"Hukuncinka shi ne ka riƙa buɗe ido kafin ka ɗauki kayan mutane."

"Ai yau na buɗe. Shi ya sa na kasa rufewa."

Daga nan zance ya kama hanya. Sai dai soyayyar tasu ta bakin ƙofa ce: ita tana shigowa, shi yana fita. Su gaisa a tsaye a baranda, ya tambaye ta Umma, ta tambaye shi yadda aiki ya kwana, kafin su ce wani abin kirki motar ma'aikata ta fara yi masa oda. Shi ne ya raɗa mata Hantsi, wai ita ce hasken da yake gani kafin ya rufe ido. Kullum ta farka sai ta tarar da saƙonsa yana jiranta:

"Hantsina, an kawo mana wani dattijo da ya haɗiye haƙorin roba. Lafiyarsa ƙalau, faɗa kawai yake yi a ba shi abinsa. Na so a ce kina nan mu yi dariyar tare."

Ita kuma ta bar masa nata, ya tarar idan ya tashi:

"Jemagena, ka ci abinci kafin ka fito. Shayi ba abinci ba ne, ko a wane littafi ka karanta."

Wata safiya ta tambaye shi, "Wai kai ba a ba ka aikin rana ne?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Oga ya ce ni gwauro ne, babu mai jirana a gida."

Ogan da yake nufi shi ne mataimakin Metiron shugabar ma'aikatan jinya, wanda kowa ke kira Oga Rosta, don shi kaɗai ke rubuta takardar rabon aiki. Takardar ba ta fitowa sai mako ya zo ƙarewa, a manna ta a bango, ma'aikata su taru a kanta kamar sakamakon jarrabawa. Bayan an manna ma ba ta zama ba, yana iya kiran mutum a waya ya juya masa ranaku yadda ya ga dama. Mai yawan gaishe shi da faɗa masa turarensa na da ƙamshi, shi ke samun hutun ƙarshen mako. Marar baki kuwa, dare nasa ne.

Kowa yana da tabonsa. Rediyo ba ta taɓa zuwa taron iyaye a makarantar 'yarta ba. Gwaggo, wadda ta fi kowa daɗewa a sashen yara, mijinta na fama da shanyewar ɓarin jiki, sai an kai shi wurin gashin jiki da safe, amma safen ake ba ta. Ana gunaguni a ɗakin shayi, idan Oga ya leƙo kuma kowa ya ce, "Barka da aiki, Yallaɓai."

Abin da Jemage bai sani ba, Oga Rosta ya daɗe yana zagaye Auta. Yau ya tsayar da mota ya ce ta shigo ya rage mata hanya, gobe ya ce ta zaɓi ranar hutun da take so. Ita kuwa sai ta yi godiya ta wuce. Ranar da ya gan ta a baranda tana dariya har da riƙe ciki a gaban Jemage, bai ce komai ba. Amma rostar da ta biyo baya ta yi magana: ko ranar hutun Jemage ɗaya ba ta dace da ta Auta ba.

Duk da haka zancen ya kai gida. Auta ta fara gaya wa Yayarta, Yaya ta gaya wa Umma, Umma ta jira Baba ya sha shayinsa sannan ta gaya masa.

Baba tsohon tela ne, kuma abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: bai taɓa ce wa mutum ya zo ya karɓi ɗinki ranar kaza ba, mutumin ya zo ya koma hannu wofi. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Ki ce ya zo ranar Asabar da la'asar in gan shi."

Jemage ya duba rosta, ya ga Asabar tasa ce. Ya yi aski, ya goge kaya. Auta ta share falo har ƙarƙashin kujeru, Yaya ta zo da yaranta wai ziyara, alhali gulma ce ta kawo ta. La'asar na gabatowa saƙo ya shigo:

"Hantsi, Oga ya kira ni yanzu. Ya ce an samu giɓi, in ban zo ba takardar gargaɗi ce. Na roƙe shi, ya kashe waya. Ki ba Baba haƙuri, wallahi da takalmina a ƙafa nake rubuto miki."

Baba ya ji uzurin, ya ce, "Aikin asibiti ne, ana yi masa haƙuri. Ya zo wata Asabar ɗin."

Wata Asabar ɗin ta zo. Baba ya sa babbar rigarsa ya zauna. La'asar ta yi, rana ta yi sanyi, babu Jemage, babu saƙo, wayarsa tana ta ringin ba a ɗauka. Da aka kira magariba Baba ya miƙe, ya cire rigar, ya ninke ta a hankali.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ni ban ce yaron nan mutumin banza ba ne, don ban san shi ba. Amma wanda ba ya da iko da yininsa, da me zai riƙe gida? Ranar da kike naƙuda ma waya za a yi masa ya tafi? A bar maganar nan."

Umma ta bi ta ɗaki ta same ta tana share hawaye. "Ke ma ki duba, 'yar nan. Ke aiki, shi aiki. Kina shiga yana fita. Wannan aure za ku yi ko miƙa duti?"

Kamar an aika masa, washegari sai ga Oga Rosta a ƙofar gida da motarsa, wai hanya ce ta biyo da shi ya ce bari ya gaida iyayen ma'aikaciyarsa. Ya zauna ya baje, ya yabi ɗinkin labulen falo, ya kira Umma da Mama. Da ya tafi ƙamshin turarensa ya ƙi tafiya. Umma ta ce, "Wannan kam yana da lokacin kansa."

Yaya ta ce, "Ai shi ke raba wa mutane lokacin, Umma. Dole ya ɗebi mai kyau."

Auta ba ta yi dariya ba. Saƙon Jemage ya shigo tun da asuba, gajere:

"Ki yafe ni. Wani abu ne ya taso a wurin aiki, ba zan iya faɗa a waya ba, sirrin wani ne. Ki bar ni in yi miki bayani."

Tana juya maganar sirrin wani a ranta, Oga ya tare ta a baranda ranar Litinin, fuskarsa cike da tausayi.

"Sista Auta, na ji abin da ya faru, ban ji daɗi ba. Amma kada a ɗora mini. Wannan karon ni ban kira shi ba. Shi da bakinsa ya ce zai zauna, saboda sabuwar yarinyar nan ta sashensu, 'Yar Gayu. Ko su waye suka fita tare daga baya, ni dai ban ce komai ba."

Auta ta juya ta bar shi tsaye. Ta san 'Yar Gayu daga nesa, fara, mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Ta shiga ɗakin magani ta rufe ƙofa, ta rubuta wa Jemage:

"An ce kai ka zaɓi ka zauna. Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne, amma ba yadda kike zato ba."

"Ya isa. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Daga ranar ta canza ƙofar shigowa. Saƙonninsa suna shigowa, tana gani, ba ta buɗewa. Ta rame, ta daina zuwa ɗakin shayi. Wata yarinya da ke kwance a gadon kusa da taga ta ce mata, "Anti, yau ma ba ki yi mini dariya ba." Rediyo kuwa, abin mamaki, bakinta ya mutu, don ita ma ta rasa kan labarin, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ana cikin haka, wata rana da azahar sai ga 'Yar Gayu da kanta a sashen yara, tana tafe a hankali da hannu a ƙugu.

"Ke ce Sista Auta? Don Allah ba ni minti kaɗan."

Suka koma gefe. Auta ta haɗe rai.

"Yau na dawo daga hutun rashin lafiya, na ji abin da na jawo. 'Yar'uwa, ni matar aure ce, kuma ina da ƙaramin ciki. Ban gaya wa kowa ba, don biyu sun zube mini a baya. Ranar Asabar ɗin nan Oga ya haɗa mini dare da safe, na ce ba zan iya ba, ya ce kowa ma haka yake yi. Da rana jiri ya ɗebe ni, na ga jini. Jemage ya zo ɗaukar cajarsa da ya manta, da kayansa na fita a jikinsa, shi ya tare ni kafin in kai ƙasa. Ya kai ni wurin likita, ya kira mijina. Ya nemi Oga ya turo wani ya riƙe marasa lafiyata, Oga ya ce babu kowa, in yana so ya riƙe da kansa. Kuma a ranar aka kawo masu haɗarin mota. Ina zai ga waya? Ni na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa zancen cikin."

Auta ta kama hannunta. "Cikin fa?"

"Yana nan, alhamdu lillahi." Ta yi murmushi. "Shi ma bawan Allahn yana nan, amma ya koma kamar tsinke. Ki tausaya."

Auta ba ta jira tashi daga aiki ba. Ta buɗe saƙonnin nan duka, ta karanta tana kuka tana dariya. Na ƙarshe cewa ya yi:

"Hantsi, ko ba za ki amsa ba, ki ci abinci. Rediyo ta ce kin daina."

Ta rubuta: "Jemagena, na ji komai. Ni ce da laifi, na yanke maka hukunci ban saurare ka ba. Ka yafe ni."

Ko ajiye wayar ba ta yi ba amsa ta shigo: "Na yafe tun kafin ki yi. Yanzu dai zan iya barci."

Da safe suka haɗu a baranda. Bayan an gama kallon ƙasa da murmushi, Auta ta ɗago.

"Ni fa na gaji. Ba don mu kaɗai ba. Yarinyar nan saura kaɗan ta rasa cikinta a kan takardar bango. Taron ma'aikata na zuwa, zan yi magana."

"Ke da ko a gaban Baba muryarki rawa take yi?"

"Ta yi rawar, ai dai za a ji."

Ba ta tafi ita kaɗai ba. Ita da Rediyo suka bi sashe sashe, har masu shara da masu tura gado da direbobin motar asibiti, suna tambayar kowa abin da ke damunsa da abin da yake ganin zai gyara. Ranar taro ɗakin ya cika har ƙofa. Metiron na zaune a gaba da tabarau a kan hanci, mace mai kwarjini wadda ba ta son dogon zance. Da ta ce ko akwai mai magana, Auta ta miƙe. Muryar kuwa ta yi rawa.

"Ranki ya daɗe, ba mu ƙi aikin dare ba. Mun san ciwo ba ya duba agogo. Abin da muke roƙo, a riƙa fitar da rosta tun da sauran wata guda, don mutum ya san yadda zai tsara gidansa. Dare da ƙarshen mako su zagaya kan kowa. Idan biyu sun yarda su yi musaya, a bar su, muddin aiki bai tsaya ba. Kuma kada a sake haɗa wa mutum dare da safe."

Oga Rosta ya yi dariyar manya. "Ma, idan aka bar kowa ya zaɓa, wa zai yi daren? Asibiti ne nan, ba gidan biki ba."

Sai Gwaggo ta miƙe, tana dafa kujera. "Ni zan yi. Ni yamma da dare nake so, ɗana. Da safe nake kai maigidana gashi. Na sha gaya maka, ka ce in bari za ka duba."

Wani matashi daga baya ya ce shi ma dare ya fi masa, don yana karatu da rana. Wata ta ce ita a ba ta ƙarshen mako duka, in dai za a bar mata tsakiyar mako ta je wurin mahaifiyarta. 'Yar Gayu ta tashi ta faɗi nata da bakinta. Metiron ta cire tabarau ta dubi mataimakinta, kallon da ya sa ya fara gyara takardun da ba su hargitse ba.

"Laifina ne da na sakar wa mutum ɗaya wannan aiki ban waiwaya ba," in ji ta. "Za mu gwada. Kowane sashe ya zaɓo mutum ɗaya, ku zauna ku tsara, ku kawo mini in sa hannu. A kuma riƙa ware mai jiran ko-ta-kwana, bi da bi, don a daina farautar mutane a gidajensu. Idan marar lafiya ɗaya ya rasa mai duba shi, na soke. Kai kuma," ta juya ga Oga, "ai kai ma ma'aikacin jinya ne. A sa sunanka a zagayen."

Tafin da aka yi har masu jinya sai da suka leƙo.

Ba a ce abin ya tafi sumul ba. Watan farko rigima aka sha a guruf ɗin waya, kowa na son Asabar ɗin ƙarshen wata. Rediyo ta yi fushi ta fita daga guruf, ta dawo kafin la'asar don ba ta iya zama ba labari. Sau ɗaya mutum biyu suka zo duti guda, kowa na cewa nasa ne. Amma a hankali abin ya zauna. Gwaggo ta daina zuwa aiki da kumburarrun idanu. Rediyo ta je taron makaranta, ta dawo tana ba da labarin malaman ɗaya bayan ɗaya.

Saura Baba. Auta ta durƙusa a gabansa ta ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe.

"Ya tsaya ne don ya ceci matar mutane?"

"E, Baba."

"Kuma ya riƙe mata sirri har ya kusa rasa ki?" Ya shafa gemu. "To. Wannan karon ba ni zan sa rana ba. Ya sa da kansa, in ga ko bakinsa na da nauyi."

Jemage ya sa Lahadi da hantsi. Tun Umma ba ta gama shara ba aka yi sallama. Ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa kujera. Auta da Yaya suka laɓe a bayan labule.

Baba ya tambaye shi iyayensa da danginsa, ya amsa a natse. Sannan ya ce, "Yanzu da muke zaune, idan wayarka ta yi ƙara fa?"

"Baba, yau akwai wanda ke jiran ko-ta-kwana, ba ni ba ne. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Idan babban abu ya faru aka ce rai na hannuna, zan nemi izininka in tafi. Abin da na yi alkawari shi ne ba za a sake jirana ba a ji daga gare ni ba."

Bai rufe baki ba wayar ta ɗauki ƙara a aljihunsa. Auta ta dafe ƙirji. Jemage ya yi zuru-zuru.

"Ɗauka mana," in ji Baba. "Sa ta kowa ya ji."

Ya danna. Muryar Rediyo ta cika falon: "Jemage! Ka isa? Tsohon ya sauko kuwa? Duk muna nan ɗakin shayi mun kasa aiki. In ya ƙi, ka ce masa Gwaggo za ta zo da kanta!"

Baba ya miƙa hannu ya karɓi wayar. "Tsohon ne da kansa. Ki gaya wa Gwaggo ta huta, ya sauko. Ku kuma ku koma bakin aikinku."

Ihun da ya tashi a wayar sai da Baba ya nesanta ta da kunnensa. A bayan labule Yaya ta rungume Auta har suka faɗo cikin falon, Umma na cewa, "Kai, waɗannan yara, ko kunyar baƙo babu!"

Daga baya Umma ta ja Jemage gefe ta yi masa tata tambayar, ta shiga da fita. Ya nuna mata a wayarsa yadda ranakun hutunsu suka haɗu a wata mai zuwa. Ta duba da kyau, ta ce, "To, yanzu na ji batu."

Da aka sa ranar aure sai wata sabuwar matsala ta taso: asibiti kaf na son zuwa. Kwamitin rosta ya zauna ya raba, wasu su je ɗaurin aure su dawo, wasu su karɓe su su je walima. Sashen gaggawa ne ya rage da giɓi guda. Ana ta kallon juna, sai Oga Rosta, wanda aikin dare ya ɗan rage masa tumbi da yawan magana, ya yi gyaran murya.

"Ku sa ni. Ni zan riƙe."

Da safiyar ranar ya aiko wa ango saƙo: "Na zalunce ka a baya, ka yafe ni. Allah ya sanya alheri. Kada ka kuskura in ga ƙafarka a nan sai hutunka ya ƙare."

Aka ɗaura aure cikin taron 'yan'uwa da abokan aiki. Kayan ango Baba ne ya ɗinka su da hannunsa, duk da ya daɗe da ajiye keke. Gwaggo ta zo da maigidanta a kan keken guragu, yana ta murmushi. 'Yar Gayu ta zo da cikinta ya fito sosai, mijinta na riƙe mata jaka. Rediyo kuwa ta karɓe lasifika daga hannun mai gabatarwa, ba a sake jin muryarsa ba.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun, suka durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu a kan Auta.

"Ga ta nan, ɗana. Ita ce ƙaramarmu, da ita muka saba. Ku biyun aikinku kula da mutane ne, to kada ku dawo gida ku ce kun gaji da kula da juna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Aka amsa da amin har waje. Umma ta juya tana goge ido da gefen mayafi, Yaya na tsokanarta.

A cikin mota hawaye na bin kumatun Auta. Jemage ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Amarya, kukan ya isa haka, kada a ce daga zuwa na fara ba ki wahala."

Ta harare shi ta ƙasan mayafi, murmushi ya ci ƙarfin kukan. Ya kama hannunta ya riƙe, direba ya ja mota, muryoyin mata na bin su da addu'a har suka karya kwana.